Hamadar Dune da kunnen mai rediyo

Masu sauraro da dama sun ce mini tun da suka kalli Dune kashi na biyu, na Denis Villeneuve, wanda ya fito a 2024, suke mafarkin zuwa hutu Wadi Rum ta ƙasar Jodan ko Liwa ta Abu Dabi, inda aka ɗauke shi. Ban ga laifinsu ba, fim ɗin ya iya kwaɗaitarwa.

Ni da kunne na fi kallonsa, aikin rediyo ya saba mini haka. Ƙugin ƙasa kafin katuwar tsutsar nan ta ɓullo, da shirun da ke gabansa, sun cancanci kyautar Oska ta sauti da aka ba shi a 2025.

Inda nake da ja shi ne hamadar ta cika tsabta. Duk wanda ya san hanyar Agadas zuwa Dirku ya san rairayi na shiga ido da haƙora, leɓe na tsagewa, mota na kafewa. Jaruman Villeneuve kuwa ko a tsakiyar yaƙi kyansu bai gushe ba. Kashi na uku nake jira, in ga ko wannan karon ƙishirwa za ta nuna a fuskar wani.