Masu Shara a Rumbun Dokoki

Doka ba ta mutuwa da kanta. In majalisa ba ta soke ta ba, tana nan daram a littafi, ko da abin da aka yi ta dominsa ya shuɗe tun zamanin kakannin kakanni. Shi ya sa ake da wasu lauyoyi da ba ka jin amonsu a kotu. Aikinsu su bi tsofaffin dokoki layi-layi, su ware mai rai da matacciya, su gyara inda alƙalamin marubuci ya zame.

Aiki ne na haƙuri. Kafin su ce wani sashe ya mutu, sai sun bi sawunsa: shin wata doka ta jingina da shi? Akwai wanda har gobe yake karɓar fansho, ko yake riƙe da fili, albarkacinsa? Sukan rubuta wa ma'aikatu da duk wanda abin ya shafa, su jira amsa, don kada garin neman gira a rasa ido. Kuma ba huruminsu ba ne su sauya manufar doka, ko da ba ta yi musu ba. Wannan na 'yan majalisa ne. A ganina, kame hannun nan shi ne rabin gwanintar.

A Birtaniya, Hukumar Dokoki da aka kafa a 1965 ce ke wannan sharar, kuma ta sa an soke dokoki fiye da 3,000. Duk da haka akwai sassan wata dokar 1267, ta Malboro, da har yau ba a soke ba. Tsufa kaɗai ba hujja ba ce.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta ƙasar Ailan a 2007. Sun gaji tulin dokoki daga ƙarnonin mulkin Ingila. Maimakon su tsaya ga tsintar matattu ɗaya-ɗaya, sai suka juya lissafin: suka tantance dokoki 1,364 da za a bari, suka ce duk wata dokar gama-gari da ta riga 6 ga Disamba 1922, in ba ta cikin jerin, ta tafi. A tashi ɗaya dokoki 3,225 suka kau. Kamar mai gyaran rumbu ne da ya kwashe hatsi mai kyau gefe, sannan ya share ragowar gaba ɗaya.

Gyaran kuskuren rubutu kuwa, kada ka raina shi. A 1872, a dokar kuɗin fito ta Amurka, an so a yafe haraji kan dashen itatuwan marmari. Sai waƙafi ɗaya ya faɗa tsakanin kalmomi biyu, jimlar ta koma tana yafe wa kayan marmarin kansu. 'Yan kasuwa masu shigo da lemo suka ce a mayar musu da kuɗinsu, gwamnati ta yi asarar kusan dala miliyan 2 kafin majalisa ta gyara a 1874. Ɗan ɗigon tawada fa!

Mu ma abin bai bar mu ba. Najeriya ta gaji dokokin gama-gari da ke aiki a Ingila ranar 1 ga Janairu 1900, ta kuma ɗora nata a kai: na Turawan mulki, na soja, na farar hula. An tace dokokin tarayya an haɗa su kundi guda a 1990, aka sake a 2004. Tun daga nan an sauya dokar shaida a 2011, ta kamfanoni a 2020. Saboda haka ɗalibi, in ka ɗauko kundin 2004 a laburare, bincika tukuna ko dokar da kake shirin haddacewa tana da rai.