Wa Ke Riƙe da Akwatin Injin Sarƙa?

Ba da jimawa sosai ba, in za a yi babban taro a Jibiya, na siyasa ne ko wa'azi ko Mauludi, kayan aikin sanannu ne: rumfunan tamfol, kujerun roba, bencina, ƙaramin janareta, sai lasifika mai bakin kakaki da ake ɗaurewa a jikin gora ko reshen dalbejiya. Duk abin da ke da nauyi a ƙasa yake zaune. Yanzu ido ya buɗe. Kowa ya ga a waya irin dandamalin da aka kafa a filin wasa na Muhammadu Dikko a Katsina da na Sani Abacha a Kano lokacin kamfen ɗin 2023, kuma duk mai shirya taro so yake nasa ya yi kama da wancan: dogayen ƙarafan alminiyom masu siffar tsani a gicciye a sama, fitilu reras a jikinsu, jerin sifikoki na lilo hagu da dama, ga ƙaton allon haske a bayan mai jawabi. Daga Katsina ko Kano ake ɗauko hayar kayan, a loda a mota, a bi titin da ya nufi Magama.

Ina son wannan ci gaba. Sauti ya fi fita, na can baya yana ganin fuskar mai magana, matasa da dama kuma sun samu sana'a. Damuwata ɗaya ce: mun koyi rataye ton guda a saman kawunan mutane kafin mu koyi wa ya kamata ya riƙe akwatin da ke ɗaga shi.

Wanda ya taɓa zama a garejin bakanike ya san sarƙar da ake ciro injin mota da ita, wadda yaro ke ja da hannu a hankali. Injin sarƙar dandamali ɗan'uwanta ne, sai dai shi lantarki ke juya shi. Akwai mai ɗaukar kilo 250, akwai mai 500, akwai mai ton ɗaya, kuma yawancinsu mita huɗu suke tafiya a minti. A cikinsa akwai birki da ke kama sarƙar da zarar wuta ta yanke, da wani ɗan makunni da ke tsayar da shi in sarƙa ta kai ƙarshe. Wayoyin injinan duka suna haɗuwa a akwati guda, mai layi huɗu ko takwas ko sha biyu. Kowane layi da ɗan maɓallinsa: sama, tsaya, ƙasa. Sai maɓalli guda na tafiya wanda dole ka ci gaba da danne shi, in ka ɗaga yatsa komai ya tsaya. Sai kuma ja babba, na gaggawa, wanda ake bugawa da tafin hannu.

Sauƙin nan shi ne tarkon. Akwatin bai fi rimot ɗin talabijin wuyar dannawa ba, saboda haka ake miƙa wa duk wanda hannunsa ba komai. Na taɓa tsayawa a gefen wani fili da la'asar ana kafa irin wannan dandamali. Maigidan kayan yana can yana ciniki da mai janareta, akwatin na hannun wani yaro da bai wuce shekara sha bakwai ba, yana tsaye ta bayan tarin sifikoki inda ko rabin ƙarfen ba ya gani. Mutum uku ke ba shi umarni lokaci guda. Wannan ya ce "ɗaga", wancan ya ce "dakata, waya ta maƙale", na uku yana ɗaga masa hannu daga nesa, ba a san ko sama yake nufi ko tsayawa ba. A ƙarƙashin ƙarfen kuwa wata yarinya mai tallar gyaɗa ce zaune, ta ajiye tirenta a inuwar allon, ga almajirai sun kewaye suna kallon abin mamaki. Ƙarfen ya tashi a karkace, gefe guda ya fi ɗaya da kusan kamu biyu, ana jin sa yana ƙara. Aka daidaita, aka wuce wurin, ba wanda ya sake tada maganar.

Wannan karkacewar ba ƙaramin abu ba ce. In mutum huɗu suka ɗauki azara a ka, wanda ya fi tsawo shi ke shan nauyin, sauran rakiya kawai suke yi. Haka injina huɗu a jikin ƙarfe guda: in ɗaya ya riga sauran da ɗan taƙi, nauyin da aka lissafa wa huɗu sai ya taru a kansa, ido kuma ba ya ganin haka. Shi ya sa masu sana'ar a inda ta kafu suke ɗaga kaya taƙi guda daga ƙasa su tsaya, su zagaya su duba kowace ƙugiya da kowace sarƙa, su tabbata babu wadda ta murɗe, babu wadda ta yi sako-sako, jakar da sarƙa ke zuba a ciki tana rataye daidai, sannan su ci gaba. Masu hali ma suna saka ma'aunin nauyi a kan kowane inji. Mu da ba mu kai nan ba, ai ba mu rasa alƙalami da takarda da za mu tara nauyin allo da fitilu da sifikoki da wayoyi da shi kansa ƙarfen.

Akwai wata matsalar da ta fi shafarmu fiye da Turawan da suka ƙera injin. Galibin injinan nan wuta mai layi uku suke sha, mu kuma kusan kowane taro a kan janaretar haya yake. In mai haɗa waya ya musanya biyu daga cikin layukan, injin zai juya a baibai: ka zaɓi sama, kaya su yi ƙasa. A wasu injinan ma makunnin da ke tsayar da sarƙa a ƙarshenta ba zai yi aiki ba in aka samu wannan juyin, sai ƙugiya ta je ta daki jikin injin yana ci gaba da ja. Maganin bai kai minti ɗaya ba: duk lokacin da aka sauya janareta ko aka taɓa waya, a gwada inji guda ba kaya a jikinsa, a ga ina ya nufa. Amma sai wanda ya san da matsalar zai yi gwajin. Ƙurar hunturu kuma tana shiga akwatin, wani lokaci makunnin ciki ya liƙe, ka ɗaga yatsa inji bai tsaya ba. A nan ne ake gane amfanin jan maɓallin, da amfanin gwada shi tun da safe.

Mu mutanen bakin iyaka mun san kayan Kwatano fiye da kowa. Shekara da shekaru motoci da injina na hannu suna sauka a tashar jirgin ruwan Kwatano, su ratsa Nijar, su faɗo ta Maraɗi da Ɗan Isa zuwa Jibiya. Rufe iyakar da aka yi a 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023, sun rage zirga-zirgar amma ba su canja mana ɗabi'ar sayen na hannu ba. Ba laifi ba ne, talaka da shi yake rufa asiri. Amma mota in ta gaji a gefen titi take tsayawa, injin sarƙa kuwa a saman jama'a yake gajiya. A Ingila dokar 1998 ta wajabta a yi wa injin ɗaga kaya cikakken bincike duk wata goma sha biyu, sarƙoƙi da igiyoyin rataya kuma duk wata shida, a rubuta. Injin da ya iso hannunmu ya rabu da wannan takarda tun a hanya. Wani an ƙera shi ne don wutar Amurka, wadda ba irin tamu ba ce. Jamusawa ma sun kasa injinan gida uku: D8 na ɗagawa ne kawai, in kaya sun kai sama sai an ƙara musu igiyar ƙarfe ko sarƙar tsaro kafin mutum ya shiga ƙasa, D8+ mai birki biyu, wanda zai iya riƙe kaya a tsaye bisa mutane, sai C1, shi kaɗai aka yarda ya motsa kaya alhali da mutane a ƙarƙashi. Rubutun na nan a ɗan faifan da ke jikin injin. A tambayi masu haya goma wane iri ne nasu, a ji amsa.

Za a ce ai har yanzu ba abin da ya faru, tsautsayi kuma ba ya wuce ranarsa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A watan Yulin 2022, a Hong Kong, ƙaton allo ya tsinko a tsakiyar wasan mawaƙan Mirror ya faɗa kan wani mai rawa, ya ji mummunan rauni a wuya; bincike ya nuna nauyin da aka rubuta a takarda ya gaza na gaskiya nesa ba kusa ba. A Agustan 2011 iska ta kifar da rumfar dandamali a bikin baje kolin jihar Indiyana ta Amurka, mutum bakwai suka mutu, kuma masu bincike sun gano ba a fayyace wa ke da ikon cewa a dakatar da wasa ba. A Mayun 2024 irin haka ta faru a taron kamfen ɗin wani ɗan takara, Jorge Álvarez Máynez, a arewacin Meziko, aƙalla mutum tara suka rasu. Waɗannan wurare ne masu injiniyoyi da asibitoci a kusa. Mu fa, da sai an kwashi mai rauni an nufi Katsina da shi?

Darasin Indiyana shi ya fi tsaya mini a rai, domin ciwonmu ne sak. Mun taso da girmama na gaba, abu ne mai kyau, amma yaron da ke riƙe da akwati ba zai iya duban shugaban kwamitin taro ya ce a'a ba. Baƙo ya kusa isowa, jiniya na tashi, wani mai babbar riga ya zo ya ce, "Kai, ɗaga allon nan sama kaɗan, ya tare hoton Maigirma," jama'a kuwa sun riga sun cika gaban dandamali. Abin da ya kamata a ji shi ne, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, sai an janye mutanen nan tukuna." Yaro ba zai faɗi haka ba, in ma ya faɗa ba za a saurare shi ba. Saboda haka nake ganin akwatin nan na babba ne, mutum guda sananne wanda ya koyi aikin, yana tsaye inda yake ganin kayan gaba ɗaya, murya ɗaya kawai yake bi wajen cewa a tafi, amma ko wa ya ce "tsaya" zai tsaya. In ya gama, ya kashe akwatin ya zare wayarsa, kada wani ya zo ya jingina da shi ko ya soka cajar waya a gefe. Irin wannan mutum kuɗinsa ya fi na yaro, kuma mai taron da ya iya biyan hayar allo zai iya biyansa.

Masu haya su ma suna da abin yi tun kafin hukuma ta waiwayo su. Yadda direbobi da masu walda suke da ƙungiya, haka masu kayan sauti na Katsina da Kano da Maraɗi za su iya haɗa kai, su ɗauko wanda ya ƙware ya koyar da yaransu, kowane inji a buɗe masa ɗan littafi a riƙa rubuta ranar da aka duba birkinsa da sarƙarsa.

Sai maganar iska, wadda ba ta jiran kowa. Duk ɗan Jibiya ya san yadda hadarin farkon damina ke yi a Mayu da Yuni: gabas ta yi ja, ƙura ta taso, kafin ka kwashe shanya guguwa ta iso. Allon haske faffaɗa ne, iska na kama shi gaba ɗaya. In yana rataye a mita takwas, minti biyu cur injin zai ɗauka kafin ya sauke shi, ban da lokacin janye jama'a daga ƙasa, kuma in janareta ya mutu a tsakiya birki zai kama, allon ya tsaya a inda yake yana lilo. Don haka tun ranar da ake cinikin haya ya kamata mai taro da mai kaya su yi magana a gaban shaidu: in hadari ya haɗo daga wajen Katsina, mai akwati zai sauke allo da sifikoki ba sai ya nemi izinin kowa ba, ko da Maigirma na tsakiyar jawabi, kuma ba za a zaftare masa ko kwabo a kan haka ba.