Malamar da ke ganin yarinyar da ba ta motsi

A kowane aji akwai yaron da kowa ke riƙe sunansa tun makon farko: mai ƙiriniya, ba ya zama wuri ɗaya, ya tsokani wannan ya ture wancan. Gane irinsa ba ya buƙatar ƙwarewa. Wadda ke burge ni ita ce malamar da idonta ke tsallake shi ya sauka kan yarinyar da ke zaune shiru a gefen taga, ido a kan allo, hankali kuwa ya yi nisan kiwo.

Likitoci sun daɗe da sanin irin wannan yarinya. Tun a 1798 wani likita ɗan Sukotland, Alexander Crichton, ya yi rubutu kan mutanen da hankalinsu ba ya iya tsayawa kan abu guda. A 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta bayyana cewa ƙarancin tattara hankali na iya zuwa da rawar kai, yana kuma iya zuwa babu ita. Yau duka biyun suna ƙarƙashin suna ɗaya, ADHD, matsalar da aka ƙiyasta tana shafar kusan yara 5 cikin 100. Nau'in shirun ne ya fi ɓuya, kuma 'yan mata sun fi faɗawa cikin waɗanda ba a lura da su. A wajenmu ɓuyar ta fi sauƙi, don yarinya mai shiru yabonta ake yi da kunya da natsuwa, sai sakamakon jarrabawa ya fito a koma kiranta daƙiƙiya.

Ƙwararriyar malama daga littafin rubutu take farawa. Za ta ga lissafi uku na farko daidai, na huɗu an bar shi a rabi, sauran shafin fari fat. Za ta ga kuskure a abu mai sauƙi, alhali mai wuyar an ci shi. Fensir ya ɓata jiya, yau ma ya ɓata. Aikin gida an yi shi, an manto shi a gida. In ta ce a buɗe shafi na goma, a ja layi, a rubuta kwanan wata, yarinyar za ta buɗe shafin ta tsaya tana leƙen na kusa da ita.

Ga inda ake raba gwani da ɗan koyo. Wannan yarinyar dai tana iya shafe awa guda tana zanen lalle ko sauraron tatsuniya ba ta ɗaga kai ba. Iyaye sai su ce ai ga shaida, da gangan take yi, kunnen ƙashi ne. Malamar ta san haka matsalar take: abin da ya ja ran yaro yana riƙe masa hankali da kansa, wanda bai ja ba kuwa sai ya zame, ko da yaron na son ya riƙe. Bulala ba ta gyara wannan, tsoro kawai take ƙarawa.

Duk da haka malamar ba ta gaggawar yanke hukunci, kuma wannan haƙurin shi ya fi komai daraja a idona. Ƙa'idar likitoci ita ce a samu aƙalla alamomi 6 cikin 9, su ɗore wata 6, su fara bayyana kafin shekara 12, a kuma gan su a wuri biyu ko fiye. Don haka sai ta tambayi uwa: in an aiki yarinyar sayo gishiri da ashana da manja, da nawa take dawowa? Ta tambayi malamin Islamiyya yadda hadda ke tafiya. Sannan ta bi sauran abubuwan da ke kama da wannan ɗaya bayan ɗaya: rashin ji sosai, raunin gani, ƙarancin barci, yunwa, ƙarancin jini, tashin hankali a gida. Akwai ma wata irin farfaɗiya da ke ɗauke yaro na 'yan daƙiƙoƙi yana zaune, ido buɗe. Malamar takan dafa kafaɗar yarinyar ta gani. Mai shagala za ta zabura ta dawo nan take, mai farfaɗiya kuwa ba ta amsawa sai abin ya sake ta.

Ranar da malamar za ta zauna da iyaye, ba ta ambaton sunan wata cuta, don wannan aikin likita ne. Littafin take buɗe musu, ta ce: "Maman Yara, duba nan. Ta iya, riƙewar ce ke ba ta wuya. Ku kai ta asibiti a duba ta." Matsalar tana bin jini sosai, shi ya sa wani lokaci uban ne zai yi shiru yana kallon shafin, ya ce shi ma haka littafinsa yake yana yaro.

Kafin a ga likita, malamar ta riga ta dawo da yarinyar benci na gaba, nesa da taga. Umarni ɗaya take ba ta a lokaci guda, ta kira sunanta tukuna, ta jira idonsu ya haɗu, sannan ta ce a buɗe shafi na goma.