Masu Rainon Gawo a Gonakin Maraɗi

Bazara, wato lokacin zafin da ke gabatar damina, ita ce lokacin sharar gona, kuma a nan ne manoman Maraɗi da Damagaram suka cancanci jinjina, domin tun shekarun 1980 suka sauya yadda ake sassabe. Maimakon a sare kowane tsiro a ƙone kamar yadda aka saba, manomi kan zaɓi toho mafi ƙarfi daga kututturen da saiwarsa ke raye, ya rage masa rassa, ya kare shi daga awaki har ya zama itace, abin da ake kira sassaben zamani. Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostireliya, ya taimaka wajen yaɗa dabarar tun 1983, amma wahalar aikin ta iyalai ce, kuma an ƙiyasta cewa sun farfaɗo da kusan hekta miliyan 5.

Gawo ne ya fi saka musu da alheri, saboda yana kaɗe ganyensa da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki, sannan 'ya'yansa su ciyar da tumaki a tsakiyar bazara, sa'ad da harawa ta ƙare. Matan gida, waɗanda ba kasafai ake ambatonsu ba, suna samun makamashi daga rassan da aka rage, ba sai sun wuni a daji ba.