Shaidar da ke Ƙarƙashin Daɓe: Tababa kan Mozayik na Rumawa

Mozayik daɓe ne na ado da ake yi da ƙananan gutsattsarin dutse, gilashi ko gasasshen yumɓu, a jera su ɗaya bayan ɗaya a kan ɗanyen kwaɓi har hoto ya fito. Vitruvius, masanin gini na Rum, ya bayyana yadda ake shimfiɗa ƙasansa: manyan duwatsu a can ƙasa, sai tsakuwa da farar ƙasa a daɓe su sosai, sai kwaɓi mai garin bulo, sannan a ɗora adon. An tono irin wannan daɓe tun daga Ingila har Siriya da Tunisiya, kuma duk sa'ad da wani ya fito garau sai a ji masu cewa anya abin da ya shekara 1,700 zai yi kyau haka?

Wannan tababar ita ce mafi sauƙin warwarewa. Launin mozayik a jikin dutsen yake, ba shafe ba ne balle ya kaɗe, kuma ƙasar da ta binne shi ita ce ta tsare shi. Daɓen babban gidan Casale da ke Sisili, na farkon ƙarni na 4, zaftarewar ƙasa ce ta rufe shi a ƙarni na 12, ya kwanta a ƙarƙashin laka har aka tone shi sosai a shekarun 1950.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen sanya shekara. Dutse ba ya amsa gwajin kabon, kuma ko da an san shekarun dutsen, wannan bai faɗi ranar da aka yanka shi aka jera ba. Don haka masu haƙar kufai ba fuskar daɓen suke dogaro da ita ba, abin da ke ƙarƙashinsa da bisansa suke bi. Sulen da aka tsinta a cikin kwaɓi yana nuna ba a yi daɓen kafin a buga sulen ba. Tokar gobara a samansa kuwa tana nuna an gama shi kafin gobarar. Da haka ake auna da yawa daga daɓen Zeugma a bakin kogin Furat, garin da rundunar sarkin Farisa Shapur na ɗaya ta ƙone wajen shekarar 253. Inda babu irin wannan shaida sai a koma ga salon zane, shi kuwa salo abin dogaro ne mai rauni, domin masu sana'ar sun yi ta maimaita tsofaffin zane-zane har ɗaruruwan shekaru.

Gidan Rumawa na Chedworth a Ingila ya nuna yadda zato ke ɓatar da masana. An daɗe ana ɗauka cewa da mulkin Rum ya janye daga tsibirin wajen 410, sana'ar daɓen ado ta mutu. A 2020 aka bayyana sakamakon gwajin gawayi da ƙashi da aka ciro daga ramin harsashin wani bango na gidan: ba a gina bangon ba sai bayan 424, kuma daɓen ɗakin an yi shi ne daidai da bangon. Guntun gawayi ya gyara abin da ido ya yi shekaru yana kuskurewa.

Akwai kuma daɓen da tsoho ne na gaske, amma hannun baya ya shiga cikinsa. Shahararren mozayik na kogin Nilu da ke Palestrina, gabas da birnin Rum, an ɓamɓare shi gunduwa-gunduwa a shekarun 1620 aka kai Rum. Wajen mayar da shi a 1640 ya farfashe, aka sake haɗa shi da taimakon zanen da aka yi wa wani mai suna Cassiano dal Pozzo tun kafin ɓarnar. Mai kallonsa a yau yana ganin aikin zamani biyu a haɗe, kuma an yi ta jayayya kan asalinsa, daga masu cewa ƙarshen ƙarni na 2 kafin Miladiyya, ra'ayin da ya fi rinjaye, zuwa masu jingina shi ga zamanin sarkin Rum Hadriyan. A 2015 ma an yi ƙorafi a Antakiya ta Turkiyya cewa gyara ya sauya fuskokin wasu hotuna a gidan tarihin Hatay, har hukuma ta buɗe bincike.

Babbar ɓarna dai daga kasuwa take. Ɓarawon kufai yakan manna ƙyalle a kan wurin da ke da fuska ko dabba, ya yanke shi, ya bar sauran. Da zarar gunduwar ta bar ƙasarta, sule da toka da bango duk an baro su, ba sauran mai ba da shaida. A 1965 Jami'ar Bowling Green ta Amurka ta sayi gunduwa 12 a kan dala 35,000 da sunan daga Antakiya suke. Sai a 2012 masu bincike biyu, Stephanie Langin-Hooper da Rebecca Molholt, suka gano cewa daga Zeugma aka sato su, daga ɗakin da aka samu hoton nan da ake kira Yarinyar Jifsi. An mayar da su Turkiyya a 2018. Shekara kusan hamsin kayan gaske suna ɗauke da asalin ƙarya, ba don wani ya ƙera su ba, don kawai an raba su da mazauninsu.

Wannan duhun ne mai jabu ke fakewa a ciki, kuma aikinsa ba shi da wuya yadda ake zato. Dutsen da Rumawa suka yanka yana nan a tsaunuka, sana'ar ba ta mutu ba a Siriya da Lebanon da Tunisiya, tsofaffin gutsattsari kuma suna zube a kufai. Abin da kan tona asirinsa shi ne sawun injin yanka a gefen dutse, ko fuskar da ba ta nuna cin ƙafa ba, ko kuskure a rubutun Girkanci, ko kuma hoton da ya yi kama da wani sananne fiye da kima, alamar daga littafi aka kwafo shi.

Da wannan hujja ta ƙarshe Djamila Fellague ta Jami'ar Grenoble a Faransa ta ƙalubalanci kayan da ofishin mai gabatar da ƙara na Manhattan ya mayar wa Lebanon a 2023. Ta ce takwas daga cikin mozayik tara jabu ne, an kwaikwayo su daga sanannun ayyuka na Sisili, Tunisiya, Aljeriya da Turkiyya, har ta nuna wani ƙato mai ƙafafun maciji da ta ce daga daɓen Casale aka ɗauko siffarsa. Ofishin ya musanta, ya ce masana sun tantance kayan. Ba ɗaya daga cikin taran da masu bincike suka tono da hannunsu suka rubuta abin da ke ƙarƙashinsa, don haka ɓangarorin biyu fuskar daɓen kaɗai suke da ita abin kafa hujja.