4.3 Matsayin Ajamin Hausa a Ɗakunan Adana Rubuce-Rubucen Hannu na Jami'o'i

A sashen da ya gabata an kawo tarihin yadda jami'o'in Nijeriya suka fara tattara tsofaffin rubuce-rubucen hannu. A wannan sashe kuwa za a yi sharhi ne a kan tsarin da aka bi wajen aikin, domin a ga irin gurbin da aka bai wa rubutun Hausa na ajami. Ra'ayin mai wannan nazari shi ne, aikin ya ceci tarihi, amma ya bar adabin Hausa a baya, kuma wannan giɓi yana shafar duk wani hukunci da ake yankewa game da asalin rubutacciyar waƙar Hausa.

4.3.1 Abin da Aikin ya Cim ma

Dole ne a fara da yaba wa magabata. Tun tsakanin 1955 da 1958 W.E.N. Kensdale ya wallafa jerin littattafan Larabci na hannu da ke ɗakin karatu na Kwalejin Jami'a ta Ibadan. A 1964 aka soma Shirin Binciken Tarihin Arewa, wanda Jami'ar Ibadan da Jami'ar Ahmadu Bello suka haɗa gwiwa a kansa, Farfesa Abdullahi Smith yana kan gaba. Shirin ya riƙa fitar da rahotannin ayyukansa, na farko a 1966, na biyu a 1967, inda ake ba da labarin littattafan da aka samo daga hannun malamai, da kuma sauran ayyuka kamar tonon kayan tarihi da Graham Connah ya yi a Daima ta ƙasar Borno. Daga baya, a 1970, aka kafa Gidan Arewa a Kaduna, a tsohon gidan Sardaunan Sakkwato.

A wancan lokaci akwai Turawan da ke cewa Afirka ba ta da tarihi sai wanda zuwansu ya samar. Amsar da ta fi kowace ƙarfi ita ce a baje rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahi da Muhammadu Bello a gaban duniya. Littafin Murray Last a kan Daular Sakkwato, wanda ya fito a 1967, ya nuna cewa za a iya rubuta tarihin ƙasa daga takardun mutanenta. Wannan nasara ce da ba mai musunta.

4.3.2 Inda Aikin ya Gaza

Matsala ta farko ta samo asali ne daga manufar masu aikin. Masana tarihi ne, don haka abin da suka fi nema shi ne littafin da ke da sanannen marubuci, mai faɗin yaƙi ko sarauta ko hukunci, irin su Infaƙul Maisuri. Irin waɗannan kuwa da Larabci suke. Waƙar wa'azi ta Hausa, wadda sau da yawa ba ta da take, kuma mai kwafe bai sa sunan mawallafi ba, ba ta dace da tsarin jeri da aka gina bisa sunayen marubuta ba. Ko babban kundin da John Hunwick ya fitar a 1995 kan rubuce-rubucen wannan yanki, sunansa ma Adabin Larabci na Afirka ne, duk da cewa ya shigar da wasu ayyukan Hausa da Fulatanci na malaman da ya ambata. Wato ajami yana shiga ne a matsayin ɗan rakiya.

Matsala ta biyu ita ce ta tantance mawallafi. Waƙar Tabbat Haƙiƙa misali ce mai kyau. Asalinta ta Shehu ce da Fulatanci, sa'an nan 'ya'yansa, Nana Asma'u da Isa, suka yi aikin mayar da ita Hausa da yi mata tahamisi. Idan mai jeri yana da gurbi ɗaya tak na sunan mawallafi, wa zai sa? In ya sa Shehu, ya shafe hannun Asma'u, ɗalibi kuma zai ɗauki Hausar waƙar a matsayin salon Shehu. In ya sa Asma'u, ya raba waƙar da tushenta. Tsarin da aka aro daga littattafan ɗab'i bai tanadi wurin mai fassara da mai tahamisi da mai kwafe ba, alhali su ne ƙashin bayan wannan adabi.

Matsala ta uku ita ce ta karanta rubutun kansa. Ajamin Hausa yana bin salon rubutun Magariba ne, inda ake sa wa harafin fa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Wanda ya saba da rubutun Gabas kawai zai ga ƙaf ya ɗauka fa ce, sai ya karanta "fasa" inda aka rubuta "ƙasa". Haka abin yake a ramzi, wato haruffan da mawaƙi kan sa a ƙarshen waƙa don nuna shekarar da ya yi ta. A lissafin Magariba shin 1000 ce, a na Gabas kuwa 300 ce. Saboda haka ramzin da ya ƙunshi shin da ra yana nufin ƙarni na 13 na Hijira ne, amma mai lissafin Gabas zai sami 500, ya yi kuren shekara 700. Jin Larabci kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da sanin makarantar allo.

Matsala ta huɗu ita ce ta hoto. Da yawa daga cikin abin da aka tara hotuna ne na baƙi da fari, an mayar wa masu su da ainihin takardun. Wannan adalci ne ga masu littattafan, amma yana da hasara. Jan tawada da ake yawan yin wasali da shi yakan dushe a irin wannan hoto, kuma ajami ba tare da wasali ba bai karantuwa yadda ya kamata. Tambarin da ke cikin jikin takarda, irin na wata uku da ake gani a takardun Italiya da suka ratso Sahara, shi ma ba ya fitowa, alhali yana taimakawa wajen kirdadon shekarun kwafi. Bugu da ƙari, littattafanmu ba ɗinke su ake yi ba, warƙa-warƙa suke cikin tadarishi, kalmar da ke gindin shafi ce ke nuna shafin da ke biye. In hoto ya yanke gefen, an rasa jerin baitoci.

4.3.3 Illar Wannan Giɓi

Wani zai iya cewa ai an riga an juya manyan waƙoƙin zuwa boko, kamar yadda Bello Sa'id ya yi a kundinsa na 1978 a Jami'ar Bayero, don haka ba sai an koma ga asali ba. Wannan aiki ya taimaki ɗalibai ƙwarai, amma boko ba ya nuna tsawon wasali. "Gari" na zama da "gari" na tuwo rubutu ɗaya ne a boko, a ajami kuwa ana iya bambance su da alif. Tun da karin waƙa ya dogara ne kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi, mai yanka baiti yana buƙatar ganin abin da mai kwafe ya rubuta.

Babbar illar dai tana ga tambayar yaushe aka fara rubuta waƙar Hausa. Hiskett (1975) ya ɗaure farkonta da zamanin jihadi da ɗan lokacin da ya gabace shi. Yahaya (1988) kuwa ya kawo ayyukan da ake dangantawa da malaman ƙarni na 17, kamar Riwayar Annabi Musa ta Abdullahi Suka. Ba za a raba wannan gardama da ra'ayi ba, sai da takarda da tawada da ramzi. Muddin ba a yi wa ajami jeri nasa na kansa ba, rashin ganin tsohuwar waƙa a jeri ba hujja ba ce ta rashinta a ƙasa.

4.3.4 Naɗewa

A taƙaice, wannan nazari yana ganin ya kamata a samar da jeri na musamman na ajamin Hausa, wanda zai ƙunshi baitin farko da amsa-amo da ramzi, da sunayen mawallafi da mai fassara da mai kwafe, kowa da gurbinsa. Hotuna masu launi irin waɗanda Jami'ar Boston ta ɗora a intanet sun magance matsalar jan tawada, amma ba su ɗauke buƙatar wanda ya iya karatun ba. Daga ƙarshe, ya dace a riƙa fitar da labarin ayyukan waɗannan ɗakuna da Hausa, domin rahotannin baya da Ingilishi aka yi su, yawancin malaman zaure da suka ba da aron littattafan kakanninsu kuwa ba da shi suke karatu ba. A sashe na gaba za a gwada wannan tsari a kan waƙoƙin da aka zaɓa.