Lambar da ke jikin kwali

Ɗan zemijan a Sokodé ko Dapaong ba takardar cikin kwali yake karantawa ba, lamba yake dubawa. Tramol mai 225 ta fi mai 50 ƙarfi, shi ke nan. Masu talla sun san haka sarai. Ƙwayar Super Royal-225 ta kamfanin Aveo na Mumbai, wadda BBC ta bankaɗo a 2025, ba Tramol ba ce sam, haɗin tapentadol da carisoprodol ce. Miligiram ɗinsu ba ɗaya ba ne, tapentadol ta fi kaifi nesa ba kusa ba. A ganina, aro lambar aka yi don a ruɗi ido. Ƙa'idar IFPMA ta haramta tallan yaudara, amma mambobinta kaɗai ta ɗaure. Wa ta ɗaure a kasuwar Cinkassé?